FACIN KWAMFUTA: DARASI GA ƊALIBIN HARSHE KAN SABUNTA BABBAR MANHAJA

1.0 Gabatarwa

A da, idan aka ce kayan aikin ɗalibin harshe, abin da kan zo zuciya shi ne alƙalami da littafin rubutu da ƙamus da 'yar rikoda mai cin kaset. A yau kuwa duk waɗannan sun tattare a cikin kwamfuta da wayar hannu. A nan muke buga jinga, a nan muke ajiye muryoyin da muka naɗo a fagen bincike, a nan kuma kundin kammala karatu yake kwana har ranar da za a ɗaure shi. Sai dai da yawa daga cikinmu mun ɗauka cewa kula da lafiyar wannan na'ura aikin 'yan sashen kimiyyar kwamfuta ne. Ni ma haka na ɗauka, har sai da jiki ya gaya mini.

Wannan maƙala za ta yi magana ne a kan abu ɗaya tak, wato sabunta babbar manhajar kwamfuta. Za a dubi ma'anarsa, da dalilin da ya sa ake yin sa, da alaƙarsa da haruffanmu masu ƙugiya, sannan a kawo hanyoyin da ɗalibin da ke zaune a Yola ko Jimeta zai bi ya yi shi, duk da tsadar data da ƙarancin wutar lantarki. Amma bari in fara da abin da ya same ni.

2.0 Abin Da Ya Same Ni

A shekarar 2021 na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka, ta hannu, a wani shago a Jimeta. Tana ɗauke da Windows 10. Da mai shagon zai miƙo mini ita sai ya ce, "Ɗalibi, na kashe maka abin nan da ke shanye wa mutane data. Ba zai dame ka ba." Na yi masa godiya ƙwarai, ina ganin gata ya yi mini. Abin da ya kashe ɗin shi ne hanyar da kwamfutar ke karɓar sabuntawa.

Bayan shekara biyu na shiga aikin kundina. Ina nazari ne a kan yadda ake magana da Hausa a Jimeta da Yola, inda Fulani da Bata da Barebari da Hausawa da sauran al'ummu suke cuɗanya, Hausa kuma ta zama harshen ciniki a tsakaninsu. Na naɗi hirarraki 14 da wayata. Wasu na yi su da 'yan tireda a babbar kasuwar Jimeta, wasu da masunta a bakin Binuwai, wasu kuma a cikin garin Yola. A ciki akwai hira da wata tsohuwa da ta yi mini tatsuniyoyi uku, tana yi tana sirka Hausa da Fulatanci, irin sirkin da ban taɓa jin mai daɗinsa ba. Da wayar ta cika, sai na kwashe tsofaffin hirarrakin zuwa kwamfuta, na goge su daga wayar.

Wata rana da daddare na sauko da wata manhaja ta kyauta daga intanet, wai don ta taimaka mini wajen tace hayaniyar kasuwa daga muryoyin. Da gari ya waye babu abin da ke buɗuwa. Kowace jakar bayani an liƙa wa sunanta wata baƙuwar jela, ga kuma wata 'yar takarda da Turanci ana neman in biya daloli kafin a sakar mini kayana. Na ruga wajen wani mai gyara. Ya duba, ya nuna mini ranar ƙarshe da manhajar tsaron kwamfutar ta karɓi sabon bayani, ya ce, "Ƙanena, ai maigadin naka shekara biyu ke nan rabon da a gaya masa kamannin ɓarayi. Wannan ɓarawon kuwa ba baƙo ba ne, an daɗe da sanin sa."

Babukan da na riga na rubuta ba su salwanta ba, domin akwai kwafinsu a wajen malamin da ke duba ni. Hirarraki tara suna nan a waya. Biyar sun tafi. Huɗu daga ciki na koma na sake yin su. Da na koma gidan tsohuwar nan a Yola, sai na tarar an yi sadakar arba'in ɗinta. Ban ga laifin kowa ba sai nawa, domin shekara biyu ina zaune da ƙofa a buɗe ban taɓa tambaya ba.

3.0 Ma'anar Babbar Manhaja Da Sabuntawa

Kwamfuta ta kasu kashi biyu. Akwai gangar jiki, wato abin da hannu ke iya taɓawa, kamar allon rubutu da fuska da batir da ma'adana. Akwai kuma manhaja, wato jerin umarnin da aka rubuta wa na'urar don ta san abin da za ta yi. Manhajoji suna da yawa: ta buga rubutu, ta sauraron murya, ta shiga intanet da sauransu. To amma akwai guda ɗaya da sauran duka ke zaune a kanta, ita ce ake kira babbar manhaja. Marubuta kimiyya da Hausa, irin su Abdullahi Salihu Abubakar, wanda aka fi sani da Baban Sadiq a jaridar Aminiya, sun daɗe suna amfani da wannan suna, har ya zauna a kunnen masu karatu.

Matsayin babbar manhaja a kwamfuta kamar na sarkin kasuwa ne. Shi ke ba kowa rumfa, shi ke raba rigima, shi ke sanin wanda ya shigo da wanda ya fita. Idan ka latsa harafi a allon rubutu, babbar manhaja ce ke karɓar saƙon, ta tantance wane harafi ne, ta miƙa shi ga manhajar buga rubutu, sannan ta taimaka a zana shi a fuskar kwamfuta. Sanannun manyan manhajoji su ne Windows ta kamfanin Microsoft, da macOS ta kamfanin Apple, da dangin Linux irin su Ubuntu. A wayar hannu kuwa akwai Android da iOS. Da yake Windows ce ta fi yawa a hannun ɗalibanmu da shagunan buga takardu, a kanta zan fi kawo misali.

Ita kuma sabuntawa iri uku ce, kuma ya kamata mu ba kowace sunanta don kada a cakuɗa su:

(a) Faci: ɗan ƙaramin gyara ne da ake aikowa don toshe wata kafa da aka gano. Kalmar faci aro ce daga Ingilishi, ta shigo Hausa ta hanyar taya da tufafi. Abin sha'awa shi ne, ainihin kalmar da muka aro ɗin ita ce masana kwamfuta ke amfani da ita a can don wannan aiki. Ke nan ba mu da buƙatar ƙirƙirar wata.

(b) Ƙari: shi ne sabuntawar da ke kawo abin da babu shi a da, kamar sabon salon haruffa ko sabon harshe. Ta fi faci nauyi, ba ta kuma zuwa a kai a kai.

(c) Sauyin zubi: shi ne barin wani zubi gaba ɗaya a koma wani, kamar daga Windows 10 zuwa Windows 11.

Idan muka kwatanta da gidan ƙasa, faci shi ne yaɓen da ake yi kafin damina, ƙari shi ne fitar da sabuwar taga, sauyin zubi kuwa tashi ne a koma sabon gida.

4.0 Dalilin Yin Faci

Babbar manhaja rubutu ce mai layuka miliyoyi, kuma 'yan'adam ne suka rubuta ta. Duk wanda ya taɓa duba kundi mai shafi ɗari ya san ba a raba dogon rubutu da kuskure. Wasu kurakuran ba su da illa. Wasu kuwa kafa ce da 'yan dandatsa, wato masu kutse cikin kwamfutocin mutane, za su bi su shigo. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka tun daga watan Oktoba na 2003 kamfanin Microsoft ya tsayar da rana, wato Talata ta biyu a kowane wata, don fitar da facin kafofin da aka gano.

A nan akwai wani abu da yawancinmu ba mu lura da shi ba. Ranar da aka fitar da faci, a ranar ce aka sanar da duniya cewa akwai kafa a wuri kaza. A ɗauka mai unguwa ne ya sa aka yi shela cewa an gano kwaɗo iri kaza yana buɗuwa da ƙusa, kowa ya zo ya karɓi sabo kyauta. Masu gida sun ji shelar, ɓarayi ma sun ji. Wanda ya je ya karɓa ya tsira. Wanda ya ce sai wani jiƙon, halin da yake ciki yanzu ya fi na jiya muni, domin jiya ɓarayi kaɗan ne suka san sirrin. Don haka kuskure ne mutum ya ce, "Ai kwamfutata lafiyarta ƙalau, yadda na saye ta haka take." Ita ba ta canza ba, amma abin da ɓarayi suka sani game da ita ya ƙaru.

Ga misali biyu da suka tabbatar da haka. A ranar 14 ga Maris, 2017, Microsoft ya fitar da facin wata kafa da ke cikin hanyar da kwamfutoci ke musayar bayanai a tsakaninsu. Bayan wata biyu, ranar 12 ga Mayu, sai wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta ɓulla ta wannan kafa. Ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana kulle bayanai tana neman fansar dala 300. A Ingila ta shiga asibitocin gwamnati, har aka soke ganin likita da tiyata ga dubban marasa lafiya. Magani yana nan tun wata biyu kafin cutar, kyauta. Waɗanda ta kama su ne waɗanda ba su karɓa ba.

Misali na biyu ya fi kusa da rayuwarmu. A watan Oktoba na 2008 aka fitar da facin wata kafa, a watan Nuwamba kuma ƙwayar Conficker ta bayyana, ta kama miliyoyin kwamfutoci. Daga baya ta koyi bin filas, wato 'yar ma'adanar nan da muke ratayawa a makulli. A lokacin Windows kan buɗe abin da ke cikin filas da kanta da zarar an soka shi. An toshe wannan ɗabi'a a Windows 7, sannan a watan Fabrairu na 2011 aka aika wa masu Windows XP da Vista gyaran ta hanyar sabuntawa. Duk wanda ya san yadda filas ɗaya ke yawo lokacin kundi, daga ɗakin kwanan ɗalibai zuwa shagon buga takardu a Jimeta, daga nan zuwa ofishin malami, ya san cewa wannan magana tamu ce. Kwamfutar da ba a yi wa faci ba ba mai ita kaɗai take cutarwa ba, har da duk wanda ya soka mata filas.

Haka kuma manhajar tsaro da ke zuwa tare da Windows 10 da Windows 11, wato Microsoft Defender, ta wannan hanya ta sabuntawa take karɓar bayanin sababbin ƙwayoyin cuta, kusan kullum. Wannan shi ne maigadin da mai gyara ya ce na bari cikin duhu.

5.0 Sabuntawa Da Haruffanmu

Ɗalibin harshe yana da wani dalili na daban, wanda ɗalibin lissafi ba shi da shi. Rubutunmu yana da haruffa masu ƙugiya: ɓ da ɗ da ƙ a Hausa, ga kuma ƴ da ake amfani da shi a Hausar Nijar da kuma Fulatanci. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, ya tanadar wa waɗannan haruffa gurbi tun farkon shekarun 1990. Amma samun lamba daban, samun wanda zai zana ka daban. Sanannun salon haruffa irin su Times New Roman da Arial, a zubin da ya zo da Windows XP a 2001, ba su ɗauke da su.

Wannan giɓi ne ya sa masana suka nemi mafita da kansu. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar da salon haruffa na Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka yi wa ɗab'in Hausa gagarumin aiki. Dabarar irin waɗannan salo ita ce a ari gurbin wasu alamomi a zana haruffanmu a kai. Muddin kwamfutar tana da salon, komai zai fito daidai. Idan aka kai rubutun inda babu shi, sai aron ya tonu, ka ga ƙasa ta koma }asa, ɗalibi ya koma ]alibi, ɓarawo ya koma ~arawo. Na tabbata babu ɗalibin Hausa da bai taɓa cin karo da irin wannan ba.

To ta ina gyara ya zo? Ta sabuntawa. Daga Windows Vista, wadda ta fito kasuwa a 2007, manyan salon haruffa suka zo da masu ƙugiya a gurbinsu na asali. Daga Windows 7 kuma, a 2009, aka sa tsarin allon rubutu na Hausa a cikin babbar manhajar kanta, sai dai mutum ya shiga saitin harshe ya zaɓe shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai nazarin harshe. Ƙugiya ce ta raba ɓata da bata, ta raba ƙafa da kafa, ta raba ɗaka da daka. Kundin da ke bayani a kan tsarin sauti, idan ƙugiyarsa ta zube a wajen bugawa, hujjarsa ce ta zube.

Mu da ke Adamawa muna da ƙarin misali. A 1989 wasu 'yan'uwa biyu 'yan ƙasar Gini, Ibrahima Barry da Abdoulaye Barry, suka ƙirƙiri rubutun Adlam don Fulatanci, mai haruffa 28, ana rubuta shi daga dama zuwa hagu. An shigar da shi Unicode a 2016, sannan Windows 10 ta same shi a cikin ƙarin da aka fitar a watan Mayu na 2019. Ke nan kwamfutoci biyu za su iya kasancewa duk Windows 10 ce a kansu, ɗaya ta nuna Adlam, ɗaya ta nuna 'yan akwatuna, bambancin kawai ɗaya an sabunta ta. Haka abin yake ga ajami. A 2016 Unicode ya ƙara haruffan da suka dace da rubutun Warshu, wanda muka saba da shi a makarantun allo, a 2020 kuma ya ƙara wasu da ajamin Hausa ke buƙata. Kwamfutar da aka daina sabuntawa kafin waɗannan shekaru ba ta da labarinsu, sai dai a nemo mata salon haruffa na musamman a ɗora.

Sai dai a lura: sabuntawa ba za ta gyara tsohon rubutun da aka buga da salon aro ba. Wannan sai ka buɗe shi, ka yi amfani da umarnin nema da musanyawa, ka maye kowace alama da harafinta na asali. Aikin minti kaɗan ne, kuma daga ranar rubutunka zai buɗu daidai a kusan kowace na'ura ta zamani.

6.0 Kowane Zubi Da Wa'adinsa

Kamfani ba ya yi wa zubi ɗaya faci har abada. An daina yi wa Windows XP ranar 8 ga Afrilu, 2014. An daina yi wa Windows 7 ranar 14 ga Janairu, 2020, sai Windows 8.1 ranar 10 ga Janairu, 2023. Ita ma Windows 10, wadda ta fito a 2015, wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai dai an buɗe wani shiri na ƙarin lokaci ga ɗaiɗaikun mutanen da suka yi rajista, wanda aka sanar cewa zai kai 13 ga Oktoba, 2026. Cikar wa'adi ba ta nufin kwamfuta za ta mutu. Za ta ci gaba da aiki, amma duk kafar da aka gano daga ranar a buɗe za ta zauna.

Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin yawancin kwamfutocin da ke hannunmu na hannu ne, an gama cin moriyarsu a Turai ko Amurka kafin su iso. Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba, 2021, tana da sharuɗɗa. Tana buƙatar wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar aiki mai gigabait 4, da ma'adana mai gigabait 64, kuma yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017 ba su cika sharaɗinta ba. Saboda haka kafin ka biya kuɗin kwamfuta, ka tambaya ko tana ɗaukar Windows 11, a kuma nuna maka.

Wanda tasa ba ta ɗauka, kuma babu halin sayen wata, yana da mafita a dangin Linux. Ubuntu, alal misali, kyauta ce, tana fitar da zubi mai dogon wa'adi a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, kuma ana yi wa kowane faci har shekara biyar. Tana buga haruffanmu ba tare da matsala ba. Sai dai tana buƙatar ɗan koyo, don haka kada a yi wannan ƙaura ana tsakiyar kundi.

7.0 Yadda Ake Yi A Halin Da Muke Ciki

Na san uzurin da za a kawo, domin ni ma na kawo shi: data da wuta. Uzuri ne na gaskiya, musamman tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025. Amma akwai dabaru. Ga matakan da nake bi yanzu:

1. Fara da ajiye kwafi. Kafin kowace babbar sabuntawa, kwafe kundinka da muryoyinka zuwa wuri biyu, kamar filas da kuma akwatin imel ɗinka. Ita ma sabuntawa aikin ɗan'adam ce. A watan Oktoba na 2018 an fitar da wani ƙari na Windows 10 da ya goge wa wasu mutane bayanai, har kamfanin ya janye shi ya gyara. Kada kuma ka goge murya daga waya sai ka tabbatar tana wuri biyu.

2. San zubin da kake da shi. Danne maɓallin da ke da tambarin Windows tare da harafin R, ka rubuta winver, ka latsa. Za ta nuna maka zubi da lambarsa. Lambar ƙarshe ta Windows 10 ita ce 22H2.

3. Shiga saiti, ka nemi Windows Update, ka latsa inda aka rubuta "Check for updates". Idan ta ƙi motsi, ko ta nuna an kashe ta, koma wajen mai gyara ka ce ya kunna. Idan aka ce maka Windows ɗin irin wadda aka yi wa kwaskwarima ce aka cire mata wannan sashe, to a sauke ta a ɗora ta asali. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

4. Tattala data, amma kada ka kashe. A saitin intanet akwai wurin da aka rubuta "Metered connection". Idan ka kunna shi a kan layin wayarka, kwamfuta za ta san data a ƙirge take, ta jinkirta manyan kaya. Sai ka ware rana ɗaya a wata, bayan Talata ta biyu, ka je inda akwai intanet na makaranta, ko ka sayi datar dare mai rahusa, ka sauke abin da ya taru. Idan ku da yawa ne a kan layi ɗaya, akwai saitin da ke barin kwamfutoci su raba abin da ɗaya ta sauke, ba sai kowa ya sauke nasa ba.

5. Tanadi wuta. Kada ka fara sai batir ya cika, caja kuma tana jone. Idan ta rubuta cewa kada a kashe ta, to kada a kashe, ko da ta ɗauki awa guda. Yanke ta a tsakiyar aiki na iya hana ta tashi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yola kan haura digiri 40, a yi da daddare ko da sassafe, a kuma ɗora ta a kan tebur, ba a kan katifa ba, don ta sha iska.

6. Zaɓi lokaci. Kada ka yi babbar sabuntawa ana gobe za ka miƙa aiki. Windows tana ba da damar dakatarwa har mako biyar. Dakatarwa daban, kashewa daban.

7. Yi hattara da shelar ƙarya. Idan kana yawo a intanet wani shafi ya faɗo yana cewa kwamfutarka ta tsufa, latsa nan, kada ka latsa. Sabuntawa ta gaskiya daga cikin saiti take zuwa.

8. Kada ka manta da waya. Ita ce rikodarka, ita ma tana da babbar manhaja, kuma a cikin saitinta akwai wurin sabuntawa.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala an ga cewa babbar manhaja ita ce ginshiƙin da sauran manhajoji ke kai, kuma sabunta ta iri uku ce: faci da ƙari da sauyin zubi. An ga cewa fitar da faci shela ce da mai gida da ɓarawo ke ji tare, sannan ta wannan hanya ce haruffan Hausa da na Fulatanci suka samu shiga kwamfuta. An kuma kawo matakan da suka dace da halinmu.

Kirana ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda za su fita naɗar muryoyi a bana, shi ne su tuna cewa abin da dattawa ke ba mu amana ce, kuma wani abin sau ɗaya ake faɗar sa. Na kammala kundina da hirarraki 13. Daga tatsuniyoyi ukun nan, abin da ya rage mini shi ne rabin shafi da na rubuta da hannu a ranar, ina zaune a kan tabarmarta. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yau ɗin nan, kafin ka kwanta, buɗe saitin kwamfutarka ka duba ranar da aka yi mata faci na ƙarshe.